Yadda ake tsabtace hannu da sanya safar hannu a asibiti ba tare da kwashe cuta daga gado zuwa gado ba

Ka tsaya a bakin ƙofar ɗakin kwantar da marasa lafiya da safe, lokacin ba da magani, ka zuba ido a kan hannu kawai. Ma'aikaci ya zura safar hannu tun daga teburin nas-nas. Ya je gado na farko ya gyara kanular da ta toshe, wato 'yar robar da ake sokawa a jijiya don ƙarin ruwa, ya wuce gado na biyu ya ɗaga jakar fitsari ya duba abin da ya taru, ya ɗauki biro ya rubuta a kati, waya ta yi ƙara ya ciro ta daga aljihu, sannan ya ƙarasa gado na uku ya ɗaga bandejin wanda aka yi wa tiyata shekaranjiya. Safar nan ɗaya ce har ƙarshen layi. Shi a ransa ya kiyaye tsabta, tunda fatarsa ba ta taɓa komai ba. Amma abin da ke jikin jakar fitsarin nan ya riga ya sauka a kan ɗinkin mutumin gado na uku, da biro, da wayar da anjima za ta koma gida yaro ya ɗauka ya kai baki.

Wannan kuskuren ana yawan yin sa, kuma daga kyakkyawar niyya yake fitowa. Safar hannu tana kare mai sanye da ita daga jini da ƙazanta. Majinyaci kuwa, abin da ke kare shi shi ne a tsabtace hannu a daidai lokacin da ya kamata, ko da safa ko babu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna cewa a cikin kowane majinyata 100 da aka kwantar a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kusan 15 suna kamuwa da wata cuta a cikin asibitin, wadda ba da ita suka zo ba. A ƙasashe masu arziki adadin 7 ne. Babbar hanyar da cutar ke bi kuwa ita ce hannun mai kula da su.

Ƙwayoyin cutar da ke hannu iri biyu ne. Akwai 'yan gida, waɗanda ke zaune a can cikin fata da ramukan gashi. Ba sa fita da wanki ɗaya, kuma galibi ba sa cutarwa sai an kai su cikin rauni ko jini. Akwai kuma baƙi, waɗanda ake kwasa daga fatar majinyaci, zanen gado, ƙarfen gado, mariƙin ƙofa. Su ne masu ɓarna, su ne kuma masu saurin fita idan an yi abin da ya dace. Tun a 1847 wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Ignaz Semmelweis, ya lura cewa ɗaliban likitanci da ke fitowa daga ɗakin binciken gawa su shiga ɗakin haihuwa su ne ke kai wa masu jego zazzaɓin da ke kashe su. Da ya tilasta musu wanke hannu da ruwan kulorin, mace-macen suka faɗi warwas cikin 'yan watanni.

Lokutan da ba a tsallakewa

A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 an ware lokuta biyar. Hanya mafi sauƙi ta riƙe su ita ce ka ɗauki kowane majinyaci da gadonsa, da akwatin gefen gadonsa, da sandar ƙarin ruwansa, a matsayin gida guda mai katanga. Duk lokacin da za ka shiga, ka tsabtace hannu kafin ka taɓa shi, ko da gaisawa ce ko jin bugun jini. Duk lokacin da za ka fita, ka sake, bayan ka taɓa shi. Idan ma ba ka taɓa jikinsa ba, ka gyara matashi ne kawai ko ka rage gudun ƙarin ruwa, nan ma sai ka tsabtace kafin ka wuce, domin kayan da ke kewaye da shi cike suke da ƙwayoyin jikinsa.

Sauran biyun a cikin gidan suke faruwa, kuma su aka fi mantawa. Ɗaya shi ne dab da aikin da ke buƙatar cikakkiyar tsabta: sanya kanula, haɗa allura, buɗe layin ƙarin ruwa, wankin ciwo, sanya robar fitsari, ɗiga maganin ido. A lura da kalmar "dab". Wanda ya wanke hannu a bakin ƙofa, ya zo ya ja labule, ya gyara wa majinyaci kwanciya, ya janyo kujera, to wankin farko ya tashi aiki. Sai ya sake kafin ya taɓa bakin kanula. Ɗayan kuma shi ne nan take bayan duk abin da zai iya haɗa hannu da jini, fitsari, bayan gida, amai, majina, mugunya ko ruwan faya. Wannan ya shafi ko a jikin mutum ɗaya ne: idan ka zubar da fitsarinsa, ba za ka wuce kai tsaye zuwa kanularsa ba, don ƙwayar da ke zaune lafiya a hanjinsa na iya kashe shi idan ta shiga jininsa.

Kafin a fara aiki

A yanke farce ya zama gajere, kada tsininsa ya wuce rabin santimita. Ƙarƙashin farce shi ne maɓoya mafi girma a hannu, kuma dogon farce yana huda safa daga ciki. Farcen kanti na liƙawa ba shi da wuri a hannun mai taɓa majinyaci. Jan farce idan ya fara tsagewa, tsagar tana riƙe ƙazanta. Lalle shi rini ne da ke kama fata, ba ya yin ɓawo a kanta, sai dai idan ya yi duhu a farce yana ɓoye dauɗar da ke ƙasa, don haka mai lalle ta ƙara kula da wurin. A cire zobe, agogo da awarwaro. Fatar da ke ƙarƙashin zobe ba ta bushewa, kuma ba ta wankuwa. Hannun riga a naɗe shi zuwa gwiwar hannu. Mai hijabi ta samu wanda bai sauko kan hannu ba, ko ta soke shi cikin rigar aiki, domin bakin hijabi mai lilo yana sharar gado yana sharar rauni ba tare da mai shi ta sani ba. Duk wani yanka ko tsaga a hannu a rufe shi da filastar da ruwa ba ya ratsawa.

Alwala ibada ce mai tsabtace gaɓoɓi, amma ba a yi ta da sabulu ba, kuma butar da aka yi ta da ita hannu da yawa sun riƙe ta. Wanda ya dawo daga salla ya tsabtace hannunsa kafin ya koma kan majinyaci.

Sanitaiza ko sabulu?

Idan hannu babu dauɗar da ido ke gani, sanitaiza mai sinadarin alkohol kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari ita ce gaba. Ta fi sabulu kashe ƙwayoyin cuta, ta fi sauri, ba ta buƙatar famfo, ana iya sa ta a aljihu, kuma saboda gilisarin da ke ciki, mai laushin fata, ba ta busar da fata kamar yawan wanki. Akwai ma'aikata Musulmi da ke ɗari-ɗari da ita saboda sunan alkohol. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya, a zamanta na Makka a 2002, ta halatta amfani da shi a bayan jiki don kashe ƙwayoyin cuta da tsabtace rauni.

Sabulu da ruwa kuwa dole ne a wurare sanannu: idan ana ganin jini ko wata ƙazanta a hannu, bayan fitowa daga ban ɗaki, idan hodar safa ta manne a fata, da kuma bayan kula da mai gudawa. Dalilin na ƙarshen shi ne akwai ƙwayar da ake kira Clostridioides difficile, mai kawo gudawa ga waɗanda suka daɗe suna shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, wadda ke lulluɓe kanta da ɓawo mai tauri da alkohol ba ya fasawa. Ita sai dai kumfa da dirza su ɓamɓare ta, ruwa ya tafi da ita.

Yadda ake shafa sanitaiza

A zuba abin da zai cika kwarmin tafin hannu, wajen mililita 3. Ɗigo biyu da ke bushewa cikin daƙiƙa biyar ba su yi komai ba. A fara da tsoma kan yatsun hannu ɗaya cikin abin da ya taru a tafin ɗayan a murza, sannan a juya, tun kafin ya ƙafe, domin kan yatsu ne ke taɓa majinyaci kuma shi aka fi bari. Sai a haɗa tafi da tafi a murza. A ɗora tafin dama a bayan hannun hagu, yatsu su shiga tsakanin yatsu, a goga, a juya. A sake haɗa tafi da tafi, yatsu a sarƙe, a goga tsakankaninsu. A lanƙwashe yatsu a maƙale na wannan hannu da na wancan, yadda bayan yatsun zai gogu a tafin ɗaya hannun. A kama babban yatsa da ɗaya hannun a murɗa shi kamar ana buɗe murfin kwalba, dama da hagu. A ƙarasa da wuyan hannu. Duka wannan daƙiƙa 20 zuwa 30 ne, kuma ba a tsayawa sai hannu ya bushe da kansa. Kada a goge da riga, kada a yarfa hannu a iska don ya yi saurin bushewa. Aikin yana faruwa ne a lokacin da hannun ke da danshin alkohol. Kada kuma a kusanci wuta, silindar iskar oksijin ko na'urar ƙona jijiya a ɗakin tiyata da hannu jiƙe da shi.

Yadda ake wanki da sabulu

A jiƙa hannu tukuna kafin a sa sabulu, don sabulu a kan busasshiyar fata yana cin ta. A sa wanda zai rufe hannu duka da kumfa, sannan a bi waɗancan matakan na murzawa ɗaya bayan ɗaya, har da kan yatsu da babban yatsa. A ɗauraye a ƙarƙashin ruwa mai gudu har santsi ya tafi. A tsane da takardar goge hannu, a yi amfani da ita wajen rufe famfon, a jefar. Wanda ya rufe famfo da hannun da ya wanke ya koma ya ɗauki abin da ya ajiye a kai lokacin buɗewa. Idan famfon mai dogon mariƙi ne a tura shi da gwiwar hannu. Daga jiƙawa zuwa busarwa daƙiƙa 40 zuwa 60. Ruwan zafi ba ya ƙara kashe komai a zafin da hannu zai jure, sai dai ya ƙara fasa fata.

Busarwa rabin aikin ce. Hannu mai danshi ya fi busasshe kwasar ƙwayoyin cuta da sauke su nesa ba kusa ba. Tawul ɗaya da aka rataya a ƙusa kusa da famfo, kowa na goge hannu da shi tun safe har dare, ya fi kyau a sauke shi gaba ɗaya. Inda babu takarda, a yayyanka farin yadi ƙanana-ƙanana kamar hankici, kowane a yi amfani da shi sau ɗaya a jefa a bokiti, a wanke, a shanya a rana, a goge da dutsen guga. Idan wannan ma ya gagara, a ɗaga hannu a bar shi ya sha iska.

Inda famfo ba ya kawo ruwa

Ƙananan asibitocin karkara da yawa, da wasu manyan ma, da ruwan jarka suke aiki. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne kwano ko roba guda da aka cika da ruwa kowa ya tsoma hannu, ko da an ɗiga Dettol a ciki. Mutum na uku da ya tsoma, a cikin dauɗar biyun farko yake wanka. Dole ruwa ya zubo daga sama ya wuce. Bokiti mai murfi da famfo a gindinsa, wanda ake kira bokitin Veronica da sunan Veronica Bekoe, masaniyar kimiyya 'yar Ghana da ta ƙirƙiro shi, ya wadatar: a ɗora shi a kan teburi ko ƙarfe, a sa roba a ƙasa ta tari ruwan dauɗa, a ajiye sabulu a gefe. A kullum a juye ragowar ruwan, a wanke cikin bokitin, a sake cikawa, kuma kada a riƙa ɗiba daga sama da moɗa. Idan buta ce kawai, wani ya zuba maka, kai kana murzawa.

Sabulun dunƙule a yanka shi ƙanana, a ɗora a mazubi mai huji yadda ruwa zai tsiyaye. Wanda ke kwance cikin ruwansa ya yi laushi ya zama gonar ƙwayoyin cuta. Sabulun ruwa kuma akwai ɗabi'ar da ke lalata shi: ƙara sabo a kan ragowar tsoho, ko tsinka shi da ruwa don ya yi auki. Ƙwayoyi irin su Pseudomonas suna rayuwa lafiya lau a irin wannan robar. Idan ta ƙare a wanke ta, a kife ta ta bushe sarai, sannan a zuba sabo.

Asibitin da ke da sashen haɗa magunguna zai iya haɗa sanitaizarsa da kansa bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Don lita 10: etanol, wato alkohol, mai ƙarfin kashi 96, mililita 8,333, haidurojin feroksaid mai kashi 3, mililita 417, gilisarin mai kashi 98, mililita 145, sai a cike zuwa lita 10 da ruwan da aka tafasa ya huce. A rufe nan da nan, a girgiza, a ɗura a ƙananan robobi, a ajiye su awa 72 kafin a fara amfani. Feroksaid ɗin an sa shi ne don ya kashe ƙwayoyi masu ɓawo da ke cikin haɗin da robobin, shi ya sa ake jiran kwana ukun. Kada a taɓa maye gurbin etanol da metanol, guba ne mai makantarwa. A ajiye haɗin nesa da zafi da wuta.

Lokacin ɓarkewar kwalara ko zazzaɓin Lassa ana ganin ruwan kulorin a ƙofar ɗakuna. Na hannu ƙarfinsa kashi 0.05 ne, na goge gado, ƙasa da jinin da ya zube kashi 0.5, wato ninki goma. Idan bilicin da ke hannunka, kamar Jik, an rubuta kashi 3.5 a jikinsa, kofi 1 a cikin kofi 6 na ruwa ya ba da mai kashi 0.5, kofi 1 na wannan haɗin a cikin kofi 9 na ruwa ya ba da na hannu. A rubuta a jikin kowane bokiti da manyan baƙaƙe, don wanke hannu da mai ƙarfin yana ƙona fata. A haɗa sabo kullum, a rufe, a kawar daga rana, domin zafi da haske suna kashe ƙarfinsa. Inda akwai sabulu ko sanitaiza, su aka fi so a kan kulorin.

Safar hannu: wacce, kuma yaushe

Iri uku ne. Akwai ta kwali, mai tsabta amma ba a kashe mata ƙwayoyin cuta ba, wadda ake zara ɗaya-ɗaya. Akwai ta tiyata, wadda ke zuwa biyu-biyu a rufaffiyar takarda, dama da hagu, da lambar girma kamar 6.5, 7, 7.5 ko 8. Akwai kuma mai kauri ta masu shara da wankin kayan aiki, ita kaɗai ce ake wankewa a shanya a sake sawa.

Ta kwali ana sa ta idan ana tsammanin taɓa jini ko ruwan jiki, cikin baki, al'aura, ko fatar da ta buɗe: ɗibar jini, sanya kanula da cire ta, zuƙe majina, zubar da fitsari ko amai, goge jinin da ya zube, da kula da wanda aka keɓe saboda cuta mai yaɗuwa ta taɓawa. Ta tiyata don tiyata ce, da karɓar haihuwa, da sanya robar fitsari, da ɗinki, da duk aikin da zai shiga inda babu ƙwayar cuta a jiki. Mace da fayarta ta fashe, duba ta da safar kwali hanya ce ta tura cuta zuwa mahaifa.

Awon hawan jini, awon zafin jiki, jin bugun jini, ba da ƙwayar magani, tura majinyaci a keke, rubutu a kati, duk ba sa buƙatar safa. Hatta allurar tsoka da ta ƙarƙashin fata, irin ta rigakafi, ba a buƙatar safa idan fatar mai yi da ta wanda ake yi wa lafiyayyu ne. Abin da ake buƙata tsakanin yaro da yaro a layin rigakafi shi ne sanitaiza. Safar da aka ƙona a kan waɗannan ayyuka ita ce ake nema a rasa da tsakar dare idan mai naƙuda ta zo tana zubar da jini.

Sawa da cirewa

A tsabtace hannu kafin a kai shi cikin kwalin, kuma a bari ya bushe. Hannu mai dauɗa yana gurɓata sauran safar da ke ciki, mai danshi kuma yana sa ta manne ta yage, ga ƙaiƙayi daga baya. A zaro ɗaya ta bakinta, wato wurin wuyan hannu, a zura. A zaro ta biyu da hannun da babu safa, nan ma ta baki, sannan a sa yatsun hannun da ke da safa a lanƙwasa bakin daga waje a ja, yadda safar farko ba za ta taɓa fatar damtse ba. A zaɓi daidai hannu: matsattsiya tana yagewa a tsakanin yatsu, sakakkiya tana hana jin jijiya kuma tana kama allura. Kada a hura mata iska da baki don ta buɗe. Kada a cika aljihu da safa, aljihun da ke ɗauke da kuɗi, maɓalli da goro.

Wajen cirewa ne mutane suka fi shafa wa kansu abin da suka guje wa. A tsunkuli bayan safar a daidai wuyan hannu, ba tare da taɓa fata ba, a ja ta ƙasa tana juyewa ciki ya koma waje. A dunƙule ta a hannun da ke da safa. Sai a zura yatsu biyu na hannun da ya fita a ƙarƙashin bakin ta biyun, ta ciki, inda babu ƙazanta, a turo ta ƙasa ta juye ta haɗiye ta farko. A jefa a kwandon sharar cuta, mai launin rawaya. Kada a fizge ta har ta yi ƙara, fizgar tana watsa ɗigon da ido ba ya gani. Daga nan a tsabtace hannu nan take. Safa sabuwa fil tana iya zuwa da ƙananan huji, wasu kuma suna samuwa ana cikin aiki, ga gumi da ɗumin ciki da ke sa ƙwayoyin fata su hayayyafa.

Majinyaci ɗaya, safa ɗaya. A jikin mutum ɗaya ma a canza idan an tashi daga wuri mai ƙazanta zuwa mai tsabta, ko idan ta huje. Wanke safar kwali da sabulu, ko shafa mata sanitaiza don a wuce gado na gaba, yana raunana robar yana buɗe hujin da ba a gani, kuma ba ya fitar da abin da ya manne.

Safar tiyata

Kafin ita akwai wankin tiyata. A fara da wanki na yau da kullum, a sakace ƙarƙashin farce a ƙarƙashin ruwa. Buroshi ba a son sa, yana kankare fata ya tono ƙwayoyin da ke kwance. Sai a wanke da sabulun kashe ƙwayoyin cuta, na kulohezidin mai kashi 4 ko na aidin mai kashi 7.5, minti 2 zuwa 5 gwargwadon abin da aka rubuta a jikin robar: kowane yatsa ta ɓangarorinsa huɗu, tafi, baya, sannan damtse har gwiwa. Hannu ya kasance sama da gwiwa koyaushe, a ɗauraye daga kan yatsu zuwa gwiwa, kada ruwa ya gangaro baya. A tsane da tawul ɗin da aka dafa. Inda ruwan ba abin yarda ba ne, bayan wankin farko da busarwa a yi amfani da sanitaizar da aka amince da ita don tiyata, a shafa har gwiwa sau da yawa yadda fata za ta zauna a jiƙe tsawon lokacin da kamfanin ya ƙayyade.

Wani ya ɓare maka takardar waje. Ka buɗe ta ciki ta gefunanta. Ƙa'idar guda ce: fata ta taɓa ciki kawai, safa ta taɓa waje kawai. Ka ɗauki ta farko ta bakin da aka naɗe, wanda shi ne cikinta, ka zura hannu, ka bar naɗin yadda yake. Ka sa yatsun da ke cikin safa a ƙarƙashin naɗin ta biyu, ka ɗaga, ka zura ɗaya hannun, babban yatsanka a miƙe gefe don kada ya taɓa fata. Sai bayan duka biyun sun shiga za ka warware naɗin ka gyara yatsun da suka shiga ba daidai ba. Daga nan hannu ya zauna a gabanka, tsakanin ƙugu da ƙirji. Idan ka taɓa fitila, takunkumi ko gefen gado, ka canza, ko da babu wanda ya gani. A aikin ƙashi da duk inda jini ke da yawa ana sa biyu a haɗe.

Fata, musamman da hunturu

Da sanyi hannun ma'aikaci yana yin kaushi ya tsattsage, sanitaiza ta riƙa yi masa zafi, daga nan sai ya fara gudun ta. Zafin alama ce cewa fatar ta riga ta fashe, kuma galibi yawan sabulu ne ya fasa ta. Kada a wanke da sabulu sannan a bi da sanitaiza a lokaci guda a matsayin al'ada, ɗaya ya isa. Kada a yi amfani da omo wajen wanke hannu. A shafa mai a lokacin hutu da bayan tashi daga aiki, amma a sani cewa basilin da sauran mayuka masu maiƙo suna narkar da safar latas, wadda ake yi da ƙaron bishiyar roba, don haka ba a shafa su dab da sa ta. Wanda hannunsa ke yin ja, ƙaiƙayi ko borin jini da zarar ya sa safar latas, ko yake atishawa da toshewar numfashi idan an buɗe kwalin mai hoda, ya koma ta naitiril, wadda babu latas a cikinta, ya kuma ga likita, domin wannan rashin jituwar tana iya tsananta. Amurka ta haramta safar asibiti mai hoda tun farkon 2017.

Masu jinya ma hannu ne a kan majinyaci. A asibitocinmu dangi ne ke ba da abinci, su juya maras lafiya, su zubar da fo. A nuna musu bokiti da sabulu tun ranar da aka ba da gado, a ce, "Mama, kafin ki ba shi abinci da bayan kin zubar da fitsarin, ga inda za ki wanke hannu," a kuma yi a gabanta sau ɗaya ta gani. A ɗakin jarirai kada kowa ya ɗauki jariri sai ya wanke har gwiwar hannu.

Idan allura ta soke ka

Safa ba ta tare tsinin allura. Kada a mayar wa allura murfinta da hannu biyu. A jefa ta cikin kwalin allurai tun a gefen gado, kuma a rufe kwalin idan ya kai kashi uku cikin huɗu. Idan tsautsayi ya faɗa, a cire safar, a wanke wurin da sabulu a ƙarƙashin ruwa mai gudu. Kada a matse, kada a tsotsa, kada a zuba bilic. Idan jini ne ya fantsama a ido ko baki, a ɗauraye da ruwa mai yawa. A sanar da shugaban sashe a take, a gwada jinin ma'aikacin da na majinyacin bisa yardarsa. Maganin kariya daga ƙanjamau ana fara shi ne cikin awannin farko, kada ya wuce awa 72, ana sha kwana 28. Wanda bai yi rigakafin ciwon hanta nau'in B ba ya faɗa a lokacin don a fara masa, kuma duk ma'aikacin da ke taɓa jini, har da masu shara da masu wanki, ya kamata a ce ya kammala alluransa uku tun kafin ranar tsautsayi.